Tafarnuwa a Dama, Albasa a Hagu

Auta ya haura shekara hamsin. Furfura ta cinye masa gemu, babbar 'yarsa ta yi aure har ta ba shi jika, amma a wurin yayyensa mata guda biyu har gobe shi Auta ne. Idan ya yi tari su ne suka san dalili, idan ya rame su ne suka san wanda ya ramar da shi. Sunan ya bi shi har wurin aiki, inda mutanen da ya girme wa nesa ba kusa ba suke ce masa Malam Auta.

Turare yake sayarwa a wani kanti mai ƙofar gilashi a bakin babban titi. Kantin ba nasa ba ne. Mai kantin wani gajeren mutum ne mai tsabta, kuma yana da dokoki biyu da ba ya sassautawa. Ta farko, ma'aikaci ba ya zama, domin a ganinsa idan mai sayarwa ya zauna kayan ma zama suke yi. Ta biyu, baƙin takalmi rufaffe, mai sheƙi, mai tsinin baki. Auta ya fi shekara ashirin a tsaye cikin irin wannan takalmi, daga buɗewa zuwa tashi, yana fesa wa mutane turare a bayan hannu yana jira su gama shinshinawa su ce za su dawo.

Kanta ta fara fito masa a ƙaramin yatsan ƙafar dama. Fata ce ta taru ta yi tauri kamar ƙwayar wake, da ɗan ɗigo a tsakiya, kuma duk sanda takalmi ya matse wurin sai ya ji kamar ana murza masa ƙusa. Bai gama sabawa da wannan ba sai ga wata a ƙafar hagu, daidai inda 'yar'uwarta take. Tafiyarsa ta canza. Ya koma taka ƙasa a hankali kamar wanda ya shiga ɗakin da jariri yake barci.

Dogo, abokin aikinsa, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa a kantin ba, ya kalli tafiyar ya ce, "Mutum ya shekara ashirin a bayan kanta, ai dole wata rana ta bi shi gida." Daga nan ya ce ya ɗaura ɓawon abarba. Direban motar da Auta yake hawa da safe ya ce man birki ya fi komai. Mai askinsa kuwa reza ya ɗaga ya nuna masa. Auta ya ce wa kowa zai duba.

Matarsa ba mai yawan magana ba ce. Kowace yamma takan ɗora ruwa, ta sirka, ta watsa gishiri a roba, ya tsoma ƙafafunsa har fatar ta yi laushi, sannan ta bi wurin da dutsen goge kaushi ta shafa man zaitun. Abin yana raguwa, amma irin raguwar da sai mai yatsan ne zai shaida. Kuskure ɗaya ta yi. Wata yamma Yaya Babba ta bugo waya tana neman ƙanenta, sai ta ce mata, "Yana nan, Yaya, ƙafarsa ce a cikin ruwa."

"Ruwan me?" in ji Yaya Babba.

Washegari ranar hutun Auta ce. Ko karin safe bai gama ba Yaya Babba ta yi sallama, da jaka a hammata da ɗan turmin ƙarfe a hannu. Ta wuce shi ta tsaya a kan matarsa, wadda har yau take ce wa Amarya duk da ta aurar da 'ya.

"Amarya, yanzu yatsan ƙanena yana lalacewa, kina dafa shi a ruwan gishiri kamar nama, ba wanda ya gaya mini?"

"Ba lalacewa yake ba, Yaya. Kanta ce."

"Na san kanta. Tun ba a haife ki ba na san kanta. Auta, miƙo ƙafar."

Ya miƙa. Ta sa tabarau, ta juya yatsan, ta danna tsakiyar da farcen babban yatsanta. Auta ya zabura har shayi ya zube masa a wando.

"Ka ji ko? Ta yi saiwa," in ji ta. Ta zazzage tafarnuwa a kan tebur ta fara ɓarewa.

Tana cikin daka aka sake yin sallama. Yaya Ƙarama ce, riƙe da leda mai albasa da lemun tsami. Labarin ya je mata ta bakin 'yar Auta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga mai daka, ta ga turmi, sannan ta shigo ta gaida Auta, ta gaida matarsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jikan, har kyanwar gidan sai da ta tambaya. Daga nan ta zauna a kujerar da ta fi nisa.

Tun rasuwar mahaifiyarsu yayyen nan biyu ba sa magana. Keken ɗinkin Inna ne ya raba su. Yaya Babba ta ce ita ce babba, Yaya Ƙarama ta ce ita ta yi jinya. Babu wadda ta iya ɗinki a cikinsu. Keken ya ƙare a falon Auta, an lulluɓe shi da ƙyalle an ɗora masa furen roba, domin kowacce ta yarda a ajiye shi ko'ina in dai ba gidan ɗayar ba ne. Idan wani taro ya haɗa su, Auta ne wayar da suke magana ta cikinta.

"Auta," in ji Yaya Ƙarama, tana kallon bango, "gaya wa masu daka cewa Inna ba da tafarnuwa take maganin kantar ƙafa ba. Albasa take yankawa, ta kwana a ruwan lemun tsami, a ɗaura."

Auta ya juya. "Yaya, ta ce wai..."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Ka gaya wa wasu cewa lokacin da Inna take ɗaura wa Baba tafarnuwa, su ko rarrafe ba su fara ba."

"Yaya, ta ce..."

"Ka ce da ita ni da hannuna nake yanka wa Inna albasar."

Haka aka yi ta yi, Auta a tsakiya, ƙafafunsa biyu a kan ƙaramar kujera, kansa yana zuwa dama yana dawowa hagu. Matarsa ta kawo musu ruwa, ba wadda ta sha. Don ta sanyaya wurin sai ta ce, cikin wasa, "To, tunda Allah ya sa ƙafar biyu ce."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya Babba ta ajiye taɓarya ta ɗan yi tunani.

"Dama tawa ce," in ji ta. "Ni ce babba."

"A gaya mata na karɓi hagu. Dama ta hagun ta fi girma, kowa zai gani da idonsa."

Auta ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ya ga kowacce ta riga ta ja kujera ta kama ƙafarta.

Tsarin Yaya Babba shi ne dakakkiyar tafarnuwa da gishiri, a cusa a kan yatsan, a manne da filasta, ba a cirewa sai washegari idan za a sa sabuwa. Na Yaya Ƙarama da farko na kwana ne kawai, a ɗaura albasa a sa safa, da safe a wanke. Amma da ta ji cewa tafarnuwa har wurin aiki take raka shi, sai ta ce albasarta ba za ta zauna a gida ba. Kuma babu wadda ta yarda ta bar wa Amarya aikin. Kowace safiya sai sun zo da ƙafarsu, ɗaya tana fita ɗaya tana shiga, su yi kiciɓis a matattakalar bene kowacce ta ga wani abu a bango da ya ɗauke mata hankali.

Takalmin da dama matse shi yake, yanzu an ƙara masa filasta da tsumma da yankan albasa. Auta yakan zauna a bakin gado ya tura ƙafar da cokali, ya ɗaure igiya, ya runtse ido, sannan ya miƙe.

Da safe a kantin ba a jin komai. Sai rana ta ɗaga, ƙafa ta ɗumama, sannan abin yake fara tasowa daga bayan kanta. Wata mata mai babbar jaka ce ta fara magana. Auta ya fesa mata turare mai tsada a bayan hannu, ta shinshina, ta lumshe ido, ta sake shinshinawa.

"Yana da daɗi," in ji ta, "amma daga baya yana juyewa."

"Yana juyewa zuwa me, ranki ya daɗe?"

"Zuwa kicin."

Auta ya ce wasu turarukan haka suke, sai sun zauna a jiki. Ta ce za ta dawo.

Dogo ya gane tun ranar farko. Ya dai tattara kansa ya koma can ƙarshen kantin wajen turarukan mata, kuma da tsakar rana ya ce shi kwanan nan yunwa tana kama shi da wuri, bai san dalili ba.

Mai kantin ya sa aka buɗe na'urar sanyaya ɗaki aka wanke. Ya sa aka janye kwalaye aka duba ko ɓera ne ya mutu. Daga ƙarshe ya ɗora laifin a kan gidan abincin da ke jikin kantin, ya je ya yi musu magana mai zafi a kan tagar kicinsu, suka ba shi haƙuri, suka rufe tagar. Warin bai fasa ba. Ana cikin haka wani mutum da ya sayi kwalba ya dawo da ita washegari, ya ce ba wannan aka gwada masa ba. Wanda aka fesa masa a kanti yana da wani ƙarfi daga ƙasa, irin na maza, wannan kuwa da ya je gida ya fesa sai fure kawai. Auta ya sake fesa masa daga kwalbar da ya dawo da ita. Mutumin ya shinshina ya ce, "Yauwa, wannan. Shi nake so." Ya karɓi kwalbarsa ya tafi yana godiya.

A ranar ne mai kantin ya bi hancinsa. Ya zo ya tsaya kusa da Auta, ya yi gaba, ya dawo. Ya saki bironsa ƙasa da gangan, ya durƙusa ɗauka, ya ɗan jima a can. Da ya miƙe sai ya gyara wuyan rigarsa.

"Malam Auta, me kake dafawa a cikin takalminka?"

Auta ya yi bayani, tun daga yatsa har zuwa yayye. Mai kantin ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"Wato dama tafarnuwa, hagu albasa."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kuma sai yaushe za a sauke?"

"Sun ce sai ta faɗi."

Mai kantin ya ce har zuwa ranar da za ta faɗi, Auta ya koma sito yana buɗe kwalaye, kuma ya riƙa rufe ƙofa. Bai koma gidan abincin ya janye maganarsa ba.

Ita albasa wari kawai take yi. Ta sa fatar yatsan ta yi fari ta yamutse kamar ta wanda ya daɗe yana wanki, kantar kuwa tana nan zaune daram. Tafarnuwa ce take aiki, kuma Auta yana jin aikin. Tun kwana na biyu ya ce, "Yaya, abin nan yana ci kamar wuta."

"Madalla," in ji Yaya Babba. "Ya kama ke nan."

Da ya sake yin ƙorafi sai ta ƙara yawan tafarnuwar, ta ce tun yana yaro haka yake da raki, allura ma sai mutum uku sun danne shi. Ba ta barin kowa ya ga wurin. Takan ɓare tsohuwar filasta ta ɗora sabuwa da sauri, bayanta a juye, kada labari ya kai ɓangaren hagu.

Wata safiya Auta ya sauko da ƙafarsa daga gado ya kasa taka ta. Matarsa ta zo ta durƙusa, ba ta tambayi kowa ba ta ɓare filastar. Yatsan ya kumbura ya yi jawur, fata ta tashi ta ɗuri ruwa, wani gefen ya saɓule har ana ganin jan nama. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙe ta ɗauko mayafinta, ta ɗauko masa silifa.

A falo suka tarar da yayyen duka biyu, domin ranar an yi rashin sa'a sun iso tare. Kowacce tana riƙe da kayan aikinta.

"Asibiti za mu," in ji matar Auta. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta tsaya jin amsa ba.

Su huɗu suka shiga tasi ɗaya. Yaya Babba a gaba, Yaya Ƙarama a baya ta manne da ƙofa. Ba a yi nisa ba direban ya sauke gilasai duka.

Nas ɗin da ta karɓe su yarinya ce, ba za ta girmi 'yar Auta ba, kuma da gani tun safe take fama da mutane. Ta sa safar hannu ta ɗaga ƙafar dama.

"Baba, ƙonewa ka yi?"

"A'a, magani ne."

"Maganin me?"

"Kanta."

"Me aka sa?"

"Tafarnuwa. Da ɗan gishiri."

Ta ajiye ƙafar ta dube shi. "Kana da ciwon sukari?"

"Ba ni da shi."

"To ka gode wa Allah. Ɗanyar tafarnuwa ƙona fata take yi idan an ɗaure ta, balle a kwana a wuni. Da mai sukari ne, da yanzu wata maganar muke yi." Ta ja ƙafar hagu ta zare safar. Yankan albasa ya faɗo a kan tayil. Ta kalle shi, ta kalli Auta. "Saura tumatir," in ji ta.

Ta wanke ciwon, Auta yana cije leɓe yana kallon silin. Ta ce kantar ƙafa ba ta son komai sai a jiƙa ta a ruwan ɗumi, a goge a hankali da dutse, a daina sa takalmin da yake matse ta. Matar Auta ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta. Nas ta naɗa bandeji, kuma da yake bakinta ya riga ya buɗe sai ta ƙarasa.

"Wa ya ɗaura maka wannan? Mutum yana cewa zafi ana ƙara masa? Gaskiya, Baba, duk wanda ya yi maka wannan ba ya ƙaunarka."

Auta ya ci gaba da kallon silin. Yaya Babba tana tsaye a jikin bango, jakarta a ƙirji. Duk wanda ya san ta ya san yanzu za ta wanke yarinyar nan tas, amma sai ta ƙara rungume jakar. Leɓenta ne kawai ya motsa.

Yaya Ƙarama ce ta yi magana.

"Ke yarinya, iya bakinki. Kin san wadda kike faɗa wa haka? Wannan da kike gani, ita ta goye shi har bayanta ya yi kanta. Da ya yi ƙyanda ita ta kwana a kansa, makaranta ma sai da ta bari saboda shi. Ki yi aikinki, ki naɗa tsummanki, amma ƙauna ba a nan za a koya mana ita ba." Ta juya, ta kama hannun yayarta. "Yaya, zo mu fita. Mu jira su a waje."

Auta ya sauke idonsa daga silin. Rabon da ya ji ta ce mata Yaya baki da baki, tun Inna tana da rai.

Da suka fito ya same su a kan benci ɗaya, da jakunkuna biyu a tsakaninsu. Yaya Babba tana goge ido da gefen mayafi.

"Albasarki ce," in ji ta. "Duk ta cika wa mutane ido."

"Ai kuwa mai ƙarfi ce," in ji Yaya Ƙarama.

An ba Auta hutun 'yan kwanaki. Ya kwanta a doguwar kujera, ƙafar dama a kan matashi, ta hagu a cikin robar matarsa. Yayyen suka ci gaba da zuwa, yanzu ba kayan aiki, sai lemo da ayaba. Magana tsakaninsu ba ta dawo gaba ɗaya ba. Wani lokaci sai ɗaya ta manta ta ce, "Auta, gaya mata," sannan ta tuna ta ƙarasa da bakinta. Kuma gardamar tana nan inda take.

"Ni dai na san abin da na gani," in ji Yaya Babba wata rana da la'asar. "Baba yana dawowa daga masaƙa, Inna ta zaunar da shi a bakin ƙofa, ta daka tafarnuwa. A tsohon gidanmu mai rijiya."

"Wane gida mai rijiya? Ni a gidan bene nake yanka mata albasa. Lokacin Baba ya bar masaƙa, yana gadi a makaranta."

"Ai lokacin ni na yi aure."

"To ni kuma gida mai rijiya ban ma san shi ba sai a labari."

Auta, wanda ba a tambaye shi ba, ya motsa ƙafarsa a cikin ruwa ya ce, "Ni kuma da na taso ɓawon ayaba na ga tana ɗaura masa."

Duka biyu suka juyo.

"Kuma ni na shiga wankan gawarsa," in ji shi. "Da abarsa aka binne shi. A ƙafar hagu, ta kai girman gyaɗa."

Matarsa ta fito daga kicin da buta, ta ƙara masa ruwan ɗumi, ta koma. Yaya Babba ta ɗauki lemo ta fara ɓarewa, ta ɓare shi tsaf, ta raba biyu, ta miƙa wa ƙanwarta rabi.

"Baba ba ya bin ƙa'ida," in ji ta.

"Ko kaɗan," in ji Yaya Ƙarama. "Yana fita yake cirewa. Na sha ganin albasar a bakin kwata."

"Shi ya sa."

"Shi ya sa mana."

Da aka kwance bandeji, sai aka ga kantar dama ta tafi. Ta bi fatar da ta saɓule, ta bar sabuwar fata ja mai sheƙi. Yaya Babba ta sa tabarau ta duba, ba ta yi alfahari ba, ta dai ce a rubuta a ajiye cewa an ce ta faɗi kuma ta faɗi. Yaya Ƙarama ta ce ai ko yatsan aka yanke kantar za ta faɗi. Ta hagu tana nan har yanzu. Ta ragu da ruwan ɗumi da dutse, takan kwanta ta taso, Auta ya saba da ita.

Ya koma aiki da takardar asibiti da takalmi mai faɗin baki wanda 'yarsa ta sayo masa. Mai kantin ya kalli takalmin, ya kalli takardar, ya ce baƙi ne dai, kuma yana sheƙi, a bar shi. Dogo ya dawo tsakiyar kanti, ya ce yunwar nan ta sake shi.

Bayan kamar wata guda, da rana kantin ba kowa, mai kantin ya leƙo daga sito ya yafito Auta. Ya rufe ƙofa, ya zauna a kan kwali, abin da Auta bai taɓa ganin ya yi ba. Ya kwance igiyar takalminsa, ya zare safa, ya miƙo ƙafa. A gefen ƙaramin yatsan akwai kanta wadda ta fi ta Auta girma da tsufa, har ta yi rawaya.

"Tsakaninmu," in ji shi. "Wanne ne ya yi aiki a cikin biyun?"

"Ranka ya daɗe, ruwan ɗumi da gishiri. A jiƙa, a goge da dutse, a shafa mai. Sai kuma takalmi mai faɗi."

Mai kantin ya ɓata fuska. "Wannan ai wanka ne, ba magani ba. Ni magani nake tambaya. An ce taka ta dama ta faɗi."

"Ta faɗi, amma da fatar ta tafi."

"Amma ta faɗi."

"Ta faɗi."

"To ba ni lambar yayar taka."

Auta ya tsaya da waya a hannu yana tunani. Mutumin nan ya hana shi zama shekara ashirin, amma bai taɓa wulaƙanta shi a gaban mai saye ba, kuma da jikan Auta ya zo duniya har gida ya je barka. Ya ba shi lambar Yaya Ƙarama. Albasa dai ba ta ƙona kowa.

Washegari da hantsi ƙofar gilashi ta buɗe. Yaya Ƙarama ta shigo da ledarta, ta riƙe ƙofar, Yaya Babba ta biyo ta da jaka a hammata da ɗan turmin ƙarfe a hannu.

"Auta, ina mara lafiyar?" in ji Yaya Babba.

"Yaya, ƙafa ɗaya ce tasa."

"Za mu duba ɗayar," in ji Yaya Ƙarama.

Auta ya nuna musu ƙofar sito. Dogo ya bi su da kallo har suka shige, sannan ya ɗauki tsummansa na goge gilashi ya koma can ƙarshen kantin.